Ranar da Jinina Ya Ƙi Daskarewa

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Baba Fasto, Mama Fasto, dattawa, iyayena na zumuntar mata, salama a gare ku.

Sunana Rahila, matar Bulus. Yawancinku da Maman Alheri kuka san ni, malamar firamare da ke zaune a Tarauni. An daɗe ana cewa in tashi in ba da shaida, ina ja da baya. Yau na yarda zan faɗa, kuma ba zan ɓoye inda na yi laifi ba.

Alheri a ƙauyenmu na haife ta, can kudancin Kaduna, a ɗakin uwata. Lafiya lau ta zo. Babu wanda ya taɓa ɗibar jinina ya duba, ni ma ban san ana dubawa ba. Tana da shekara biyu Bulus ya sami aikin akawu a Kano, muka kama ciki da falo a gidan wani Alhaji.

Haihuwata ta biyu namiji ne. Tun ranar farko idonsa ya yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, a riƙa shanya shi a hantsi, a ba shi ruwan ganyen gwanda. Na yi duka. A kwana na uku ya daina kama nono, yana gantsarewa, yana wani kuka siriri da har yau ban manta ba. A na huɗu ya tafi.

Bayan shekara biyu na haifi mace. Ita kwana biyu ta yi.

Surukata ta zo gaisuwa daga gida. Ta zauna a bakin gadona, ta ce, "Rahila, a danginmu ba a taɓa irin wannan ba. In kin san abin da kike ci da shi, ki faɗa, a nema miki taimako."

Mayya take nufi, 'yan'uwa. Ni da na binne biyu!

Bulus ya yi mata faɗa, amma maganar ta riga ta shiga. Na bi gidajen addu'a, na yi azumi har na faɗi a gaban aji. Na je wurin wani mai magani a ɓoye, na sha abin da ban san sunansa ba. A nan cikin mawaƙa kuna ganina ina buɗe baki, amma babu abin da nake faɗa wa Allah.

Da na sami ciki na huɗu, Hajiya, matar Alhajin da muke haya a gidansa, ta ce in daina zuwa ɗan asibitin unguwa, in tafi babban asibitin da ke wajen Gyaɗi-Gyaɗi. A can aka ɗebi jinina, aka ɗebi na Bulus. Likitar mace ce, ta zaunar da ni ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Malama, jinin mutane ba iri ɗaya ba ne. Akwai A, akwai B, akwai AB, akwai O. Bayan wannan kuma, yawancin mutane suna da wata alama a jikin ƙwayoyin jininsu, su ake ce wa fozitif. Mijinki yana da ita. Ke ba ki da ita, ke O negetif ce, irinku kaɗan ne. Yaranki jinin ubansu suke ɗaukowa. Ranar da kika yi haihuwar fari, ɗan jinin yarinyar ya shiga naki. Jikinki ya ga abin da bai sani ba, ya ɗauke shi abokin gaba, ya yi masa shiri. Tun daga nan, duk cikin da kika ɗauka, jininki yana ratsawa wurin yaron yana farfasa nasa. Shi ne ɗorawar da kike gani a idonsu."

Na ce, "Likita, ashe gaskiyar surukata ce? Ni nake kashe su?"

Ta ce, "Kada ki sake faɗin haka. Ba da saninki ba ne. Akwai allurar da ake yi wa irinku cikin kwana uku bayan haihuwar fari. Da an yi miki, da ba mu zo nan ba."

Na ce, "To a yi mini yanzu."

Ta ce, "Yanzu ba za ta yi aiki ba. Sai dai ki riƙa zuwa awo kowane sati biyu, mu lura da shi, mu ciro shi da wuri in ya yi ƙwari."

Allura ɗaya, jama'a. Allura ɗaya tak!

Ga laifina na farko. Daga duk bayanin likitar, abu ɗaya na ɗauko na kai gida: jinin Alheri ne ya fara. Yarinya 'yar shekara tara, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Na daina yi mata kitso, sai Hajiya ke yi mata. In ta kawo mini ruwa, in ce ta ajiye a ƙasa. In ta jingina da ni a coci, in matsa. Ban taɓa dukanta ba, amma da dukan na yi da ya fi mata sauƙi. Wata rana ta tambaye ni, "Mama, me na yi?" Na ce ta tafi ta wanke kwanuka.

Ga na biyu. Cikin yana wata bakwai, wata ranar Laraba ina gyaran littattafan yara, na lura tun safe ban ji motsi ba. Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta hagu, na danna da hannu. Shiru. Alhamis shiru. Juma'a shiru. Na sani sarai.

Ban faɗa wa kowa ba. Ban koma awo ba. Ba zan iya sake ganin an tona ɗan rami ba, ba zan iya sake jin surukata a bakin gadona ba. Na ci gaba da sa rigar masu ciki ina zuwa makaranta. Bulus ya dawo daga ofis ya ɗora hannu a cikina yana cewa, "Yau yaya mutumina?" In ce masa barci yake.

Sati huɗu ina yawo da gawa a cikina.

A sati na uku dasashina ya fara jini in ina goge baki. Haɓo ya riƙa zo mini a aji. Ko a gefen tebur na ɗan bugu, sai wurin ya yi baƙi ƙirin. Duk na gani, na rufe da mayafi.

Ranar Asabar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, duk mutanen gidanmu suna falon Alhaji suna kallon talabijin tun da hantsi. Ni ina tsakar gida ina wanki. Sai mara ta murɗa, na ji ɗumi yana bin ƙafata. Alheri ce ta fara ganina, ta kwasa a guje tana ihu. Alhaji da kansa ya tuƙa mu, Hajiya ta riƙe kaina, Bulus da Alheri suka matsu a gaba.

An fitar da yaron kafin azahar. Namiji ne. Ba su nuna mini shi ba. Sai jini ya ɓalle, ya ƙi tsayawa. Sun yi allura, sun murza cikina, sun cusa auduga, yana zuba. Har inda suka huda hannuna don ƙarin ruwa yana tsattsafowa.

Wata nas ta ɗebi jinina a 'yar kwalba, ta riƙe a tafin hannunta tana kallon agogo. Ta ce jinin mai lafiya cikin 'yan mintoci yake zama guda. Ta jira, ta karkata kwalbar. Ta ƙara jira, ta sake karkatawa. Yana gudu kamar zoɓo.

Likitar ta sunkuyo ta ce, "Rahila, gaya mini gaskiya. Tun yaushe ya daina motsi?"

Na ce, "Sati huɗu."

Bulus yana tsaye a bakin labule. Ya ji.

Ta juya ta yi masa bayani, ni ma ina ji. Ta ce a cikin jini akwai abubuwan da ke haɗuwa su saƙa kamar raga a bakin rauni, su toshe shi. Mataccen ɗa in ya daɗe a ciki, yana sa jiki ya yi ta kashe waɗannan abubuwa a banza har su ƙare. Nawa sun ƙare. Dole a cire mahaifa, amma ba za a iya yanka wadda jininta ba ya daskarewa ba sai an ƙara mata sabon jini, wanda aka ɗiba yanzu. Leda ɗaya ce irin nawa a ajiye, sun riga sun ɗaura mini ita, kuma ta kwana biyu.

Bulus ya naɗe hannun riga ya ce a ɗebi nasa. Ta ce, "Naka ne ma jikinta yake yaƙi da shi."

Ku da yawa kun zo ranar, daga wurin koyon waƙa kuka taho. Kun yi layi a ɗakin gwaji, an huda yatsunku ɗaya bayan ɗaya. Ko mutum ɗaya bai dace ba. Allah ya saka muku.

Sai wani dattijo mai aikin gwajin ya jawo wani tsohon littafi daga aljihun tebur. A ciki yake rubuta sunan duk mai irin jinina da ya taɓa zuwa. Na farko ya bar gari. Na biyu babu kwatance. Na uku an rubuta Idi, lebura, Darmanawa. Shi ke nan. Baba Fasto ya goya Bulus a babur, suka tafi bin duk inda ake gini suna tambaya.

Ni kuwa sanyi ya fara kama ni daga ƙafa. Ina jin rediyon nas-nas can nesa, ana ta buga badujala, ana tafi. Mama Fasto tana riƙe da hannuna tana addu'a a raya ni. Ni a zuciyata wata addu'ar nake yi dabam. Na ce, "Ubangiji, kada su same shi. Na gaji. Ka ɗauke ni in huta, kowa ma ya huta."

Ina cikin haka na ji murya a baranda. Alheri ce, tana jan rigar nas tana cewa, "Anti, ku ɗebi nawa. Ni 'yarta ce, nawa zai yi. Ba na jin tsoron allura. Ku ɗebe duka."

Wayyo Yesu!

Jinin da na tsane ta dominsa, shi take roƙo a ɗiba a ba ni. Na so in kira ta, murya ta ƙi fita. A nan addu'ata ta juya. Na ce, "Yesu, ban cancanci komai ba. Ban roƙe ka ɗa ba, ban roƙe ka mahaifa ba. Ka bar ni kawai in buɗe baki in ce wa yarinyar nan ta yafe mini."

Baba Fasto ya ce a gini na biyar suka same shi, yana kwaɓa siminti. Bulus ya durƙusa a cikin yashi. Da Baba ya yi bayani, Malam Idi ya jingine shebur ya ce, "Jinin nan ba saya na yi ba, Allah ne ya ba ni. Mu je." Har ya hau, ya sauko ya ƙwala wa ƙaninsa Garba kira daga kan bene, ya ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya muke, a gwada shi ma." Aka gwada, ya dace. Da siminti a ƙafafunsu suka kwanta aka ɗiba. Ba su taɓa ganina ba.

Da la'asar aka shiga da ni tiyata. Na farka ranar Lahadi da rana, babu ɗa, babu mahaifa.

Maganar farko da na yi, Alheri na kira. Na ce, "Ba ki yi mini komai ba. Ni na yi miki. Ki yafe mini." Ta ce to. Amma har yau in za ta shigo ɗakina sai ta tsaya a bakin ƙofa ta karanci fuskata tukuna. Ni na koya mata haka.

Likitar ta ce ko da na zo ranar Larabar nan, da wuya a ceci yaron, amma da ba a kai ga yanka ba. Ba zan ƙara haihuwa ba. Surukata ba ta zo duba ni ba, saƙonta kawai ya zo cewa abin ɓoye ya fito.

Bulus bai zage ni ba, bai kore ni ba. Sau ɗaya ya yi maganar. Ya ce, "Sati huɗu, Rahila. Ina ɗora hannu ina yi masa hira, kina kallona." Tun daga nan a falo yake shimfiɗa. Yana cin abincina, yana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan.

Saboda haka ba zan tsaya a nan in ce muku komai ya gyaru ba. Akwai safiyar da nake tashi in ji haushin na tashi. Abin da na sani shi ne na roƙi mutuwa, Allah ya hana ni, ya aiko mini da jini daga kan yashin Darmanawa. Na roƙi baki in nemi gafara, ya ba ni. Domin wannan ina cewa na gode, Yesu. Na gode.

'Yan matanmu da amare, ku je a duba rukunin jininku tun kafin ciki. Iyayena mata, in ɗa ya daina motsi, ku faɗa a ranar. Wanda kuma yake cikin duhu irin nawa, ya faɗa wa Ubangiji gaskiyar abin da ke ransa, ko da mummuna ne. Nawa ya ji, bai yashe ni ba. Ku dogara gare shi.

Roƙona ɗaya ne. Yau da safe na goge wa Bulus rigarsa ta coci, na rataye a jikin ƙofa, na ce masa zan yi magana a gaban jama'a. Na yi ta waiwayen ƙofar nan tun da na tashi. Bai zo ba. Ku sa shi a addu'a.

A cikin sunan Yesu. Amin.