An Yi Sulhu, Ni Kuma Na Dawo Da Kishi

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa. Ni ce Rabi daga Tumfure.

Maƙwabtanmu 'yan gudun hijira ne daga Borno. Ruwan wankin matar gidan, Falmata, ya kayar mana da katanga, maigidana ya rantse sai kotu. Mai unguwa ya zaunar da mu a zaurensa. Nan mijinta ya ce, "Baba, ni zan gina da hannuna. Baiwar Allahn nan kwana uku ta yi tana gudu a daji, ba za ta tsaya gaban alƙali ba."

Aka sasanta. Amma Anti, irin wannan magana a littafi kaɗai nake ganinta. Nawa kuwa cewa ya yi, "Tashi, kin bar tukunya a wuta."

Yaya zan daina jin haushin Falmata?