Injin Marigayi Gathogo da Takardu Masu Maiƙo

Mai girma shugaban wannan ƙungiya tamu ta masu tsofaffin Fijo, dattijo Mzee Kiprono Tanui. Dattawanmu da suka kafa ta tun muna mutum tara a gindin bishiya. 'Yan'uwanmu da suka taso daga Kisumu da Eldoret da Kitale, da waɗanda suka hauro daga Mombasa, da waɗanda har yanzu suna hanya suna jiran inji ya huce. Iyayenmu mata da matanmu, waɗanda suka haƙura da baƙin mai a tawul da noti a aljihun wanki. Mama Wairimu, wadda a kanta yawancin maganata za ta tsaya. Jama'ar Nakuru da kuka zo kallo kuka samu kanku cikin taro. Ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku barka da wannan rana.

Ina gode wa makarantar da ta ara mana filin nan. Ina gode wa masu gasa mana akuyoyi, waɗanda hayaƙinsu ya sa rabinku ba ni kuke kallo ba. Ina kuma gode wa shugaba, domin ya miƙa lasifika ga mutumin da ya kamata a miƙa wa bulala.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Simiyu Barasa. Shekara talatin na yi ina gyaran kan jirgin ƙasa, shekara goma sha ɗaya kuma ina riƙe da makullin zaurenmu na intanet, inda muke haɗuwa mu tambayi juna, mu koya wa juna, mu zagi juna. Ba don na iya aka ba ni makullin ba, sai don a lokacin ni kaɗai ke da kwamfuta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka yau zan faɗa muku abin da ya faru da zauren nan a watan Mayu, da bakina, daki-daki.

Magana ta farko, a kan marigayi Gathogo ce, mijin Mama Wairimu. Duk wanda ya taɓa kwance inji a tsakar gidansa a ƙasar nan, ya sha daga rijiyar mutumin nan. Motarsa kun san ta, shuɗiyar nan mai ƙofa huɗu, amma injinta ba ya cikin kowane littafi. Gangar jikin daga akori-kura ya ciro ta, kan injin daga wata mota daban, sauran kuma daga inda Allah ya hore masa. A watan Janairu ya kwance shi kaf, ya jera kayan a cikin robobin wanki, kuma kamar yadda al'adarmu take, duk abin da ya cire sai an ɗauki hotonsa an sa a zaure. Hoto ɗari da arba'in, kowanne da kibiya da lamba da ya zana a kai. Bai kai ga mayarwa ba ciwo ya kwantar da shi, a watan Fabrairu muka kai shi makwancinsa.

Bayan an share makoki, iyali suka yanke cewa Mama Wairimu za ta bar gidan Nakuru a ƙarshen Yuni, ta koma gona a Nyahururu. Ɗanta ya ce mata, “Mama, motar da ke cikin robobi ba ta zuwa Nyahururu. Bari in kira 'yan gwangwan su kwashe.” Ta ce masa, “Ka ba ni zuwa ƙarshen Yuni. In ba ta tashi ba, kira su.” Wannan baiwar Allah tela ce, ba ta taɓa riƙe sifana ba. Da na tambaye ta ina za ta fara, sai ta kira ni da sunan 'yata, ta ce, “Baba Nekesa, ni ban san sunan ko ɗaya ba, amma hotunan nan duk ni na ɗauka. Hannunsa kullum cikin giris, sai dai ka ji ya ƙwala kira: zo da waya! Zan bi su daga na ƙarshe zuwa na farko.” Wayar tata ta cika, ta goge na cikinta tun tuni, domin ai suna zaure. Haka ta fara, kowace safiya hoto biyu ko uku, mu kuma muna amsa mata tambayoyi.

Magana ta biyu, a kan abin da hannuna ya aikata ce. Zauren nan namu yana zaune ne a na'urar wani kamfani da ya ba mu wuri, kuma ina so ku shaida, kamfanin nan bai yi laifin kome ba. Sau bakwai suka aiko mini da saƙo cewa rumbunmu ya kusa cika. Sau bakwai na karanta, sau bakwai na buɗe zaure na ga yana aiki, sau bakwai na ce ƙarya suke yi. Ku da kuke dariya, ku faɗa mini, waye a cikinku bai manna salatif a kan jar fitilar gaban motarsa ba? Mu mutane ne da ba mu yarda da fitila ba, kunne muka yarda da shi. Muddin inji yana ƙara, lafiyarsa ƙalau. Abin da ban sani ba shi ne, na'urar nan ba ta tari kafin ta mutu.

Ran sha biyu ga Mayu zaure ya tsaya cik. Da mai hankali ne, da ya kira masu wurin. Amma a wajenmu babu abin kunya kamar a ja motarka zuwa garejin wani, saboda haka na naɗe hannun riga na shiga ciki da kaina. In kafireta ta toshe, me muke yi? Mu buɗe ta, mu nemo dattin, mu wanke. Na duba na ga wani ƙunshi da ya cinye kusan duk wurin, sunayen abin da ke cikinsa ba kai ba gindi, lambobi da haruffa barkatai. Na ce, yawwa, ga dattin. Na'urar har ta tambaye ni ko na tabbata. Ni da na kwance kan jirgin ƙasa! Na danna.

Zaure ya tashi, jama'a, har da gudu. Rubutu duk yana nan. Hotuna kuwa, na shekara goma sha ɗaya, babu ko ɗaya. Kamfanin yana ajiye kwafin ko-ta-kwana na kwana bakwai, ni kuma na yi kwana tara ina ɓoye ɓarnata, ina ce muku gyara ake yi. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba idona kaɗai ba.

Kun san Gathogo ba mai yawan rubutu ba ne. Na buɗe shafinsa, na ga abin da ya rage mana: duba hoto, duba hoto, duba hoto, sau ɗari da arba'in, kowanne da farin fili a ƙarƙashinsa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na tafi gidan Mama Wairimu da ƙafata, na same ta zaune a kan benci tsakanin robobi, aiki ya kai kusan rabi. Na faɗa mata gaskiya. Ta zuba mini shayi, sannan ta ce, “Ashe sau biyu za a yi mini rasuwar nan.” Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Magana ta uku, a kanku ce. Washegari na rubuta laifina a zaure kowa ya gani. Ba a yi awa ɗaya ba wayata ta yi ƙara, sai ga Omollo daga Kisumu, ga shi can yana ɓoye fuska da hula. Ko gaisuwa babu, ya ce, “Kai Simiyu, injiniyan injiniyoyi! An ce ka yi wa intanet wankin kafireta?” Na ce, “Omollo, yau ba ranar wasa ba ce.” Ya ce, “Wa ke wasa? Ba kai ne kake kirana mutumin da ba, don ina buga shafuka a takarda? To mutumin da yana da shafi goma sha bakwai na Gathogo a bangon garejinsa. Kai mutumin yanzu, nawa gare ka?”

Gaskiyarsa. Shekara da shekaru ina yi muku dariya a kan wannan ɗabi'a. Amma mai hannu cikin giris ba ya shafa waya, saboda haka kowa ya ga shafin da zai yi masa amfani sai ya kai shago a buga masa, ya kafa da ƙusa a bango. Muka yi shela, takardu suka fara zuwa. Wasu direbobin motar haya suka kawo su, wasu a cikin buhun dankali, wasu a naɗe a gorar ruwa. Akwai mai tambarin yatsu biyar, akwai wadda kaza ta yi wa aika-aika, akwai wadda aka rubuta lambar mai gyaran salansa a bayanta. 'Yar'uwarmu Chepkoech, mai farar motar can, wadda kwamfuta ce sana'arta, ita ta zauna ta ɗauki hoton kowace takarda, ta mayar da ita gurbinta. A mako uku muka tara ɗari da talatin da ɗaya.

Tara suka rage. Takwas daga ciki kowane bakanike zai cike su da ka. Ɗayar kuwa, ga abin da Gathogo ya rubuta a kanta: “Nan fa a kula sosai. Duba hoto.” Babu wanda ya buga ta, domin wannan matsalar ta injinsa ce kaɗai, babu mai irinsa. Mun dai san a wajen ɗora kan inji take, ba mu san me za a kula da shi ba.

Saura kwana biyar wata ya ƙare, muka taru a gidan Mama Wairimu, ni da Omollo da shugaba. Ga sabon gaskit, wato faifan nan da ake shimfiɗawa tsakanin gangar inji da kansa. Muka juya shi, muka auna shi, ba mu ga aibu ba. Omollo ya ce, “Mama, lokaci na tafiya. A ɗora kawai, Allah na nan.” Har mun ɗaga kan injin, sai ta ce, “Ku dakata.” Ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon almakashi mai giɓi a baki. Ta ce, “Shekara tara da suka wuce, ranar da ya fara haɗa injin nan, ya sace mini wannan ya huda irin faifan nan da shi. Almakashin da nake yanka yadin amare! Kwana uku ban yi masa magana ba.” Shugaba ya ce, “Mama, a ina ya huda?” Ta ce, “Ta gefen lagireto. Ina tsaye a kansa ina masifa, ya za a yi in manta?”

Muka sake shimfiɗa faifan, muka leƙa ta inda ta nuna. Ga wata 'yar hanyar ruwa da ya buɗe da kansa, sabon faifan ya rufe ta ruf. Da mun ɗora haka, da injin ya tashi lafiya, ya yi zafi a hawan farko, kan ya tsage, aikin wata huɗu ya tafi a banza. Mu uku, shekarunmu a kanikanci sun haura ɗari, muka tsaya muna kallon tela tana huda gaskit.

Magana ta huɗu gajeriya ce, kuma roƙo ce. Daga yau makullin zaure yana hannun Chepkoech, kuma ta riga ta ajiye kwafinsa a wuri uku da ba su san juna ba. In gargaɗi ya zo, mutum biyu zai samu, ba ɗaya ba. Ni kuma an bar mini aikin da ya dace da ni, wato tarbar sababbin shiga. Ina roƙonku, wanda ya san abu ya rubuta shi da kalmomi, kada ya bar wa hoto. Ina roƙonku, wanda abu ya fi ƙarfinsa ya yi kira tun da wuri, domin jan mota zuwa garejin wani bai taɓa kashe kowa ba. Ina roƙonku, ku kira matanku da 'ya'yanku su tsaya kusa in kuna aiki, ko da masifa suka zo yi. Har yanzu akwai dubban hotuna da ba su dawo ba, wanda ke da takarda a bango ya kawo.

Na san abin da kuke jira. Ran ashirin da takwas ga Yuni, da hantsi, aka ɗaura batir. Ɗan Mama Wairimu yana tsaye a bakin ƙofa. Ta zauna a kujerar direba, ta murɗa makulli, inji ya yi tari ya yi shiru. Ta sake, ya sake. A na uku ya kama. Mu muna ihu, Omollo yana rawa da sifana a hannu, sai muka ga ta fito daga motar da sauri ta nufi kicin. Can ta dawo a hankali, ta tsaya a bakin ƙofa da tukunyar shayi a hannu, hawaye na zuba. Na ce, “Mama, lafiya?” Ta ce, “Shekara tara, in na ji wannan ƙarar a ƙofar gida, ruwa nake ɗorawa. Sai da na kunna wuta na tuna.”

Yau da safe ita ta tuƙo motar daga Nyahururu, ɗanta a gefenta.

Allah ya jiƙan Gathogo, ya sa abin da ya koya mana ya zame masa haske. Allah ya ƙara wa Mama Wairimu lafiya da ƙarfin zuciya. Allah ya albarkaci hannuwanku da gidajenku, ya raba mu da girman kan da ke hana tambaya, ya mayar da kowa gida lafiya, a kan ƙafafun motarsa.

Na gode.