Garin Kwalba a Ƙafar Ƙanena

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci ƙashi Ya lulluɓe shi da tsoka. Gaisuwa gare ka, malam mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro.

Ni dattijo ne a Garwa. Ƙanena Hamadu, manomin auduga a Gidar, ya karye a ƙwauri, ƙashin ya ƙi haɗuwa. Sai wani maɗori ya ce masa, "Alhaji, an faɗa a rediyo da Faransanci, Turawa sun gano kwalba tana ɗinke ƙashi." Ya daka kwalbar lemo a turmi, ya cusa garin cikin raunin.

Da ƙafar ta ruɓe muka kawo shi asibiti. Likita ya ce mini, "Baba, wancan gilashi daban ne. Shi ma da yashi ake yin sa kamar kwalba, amma an rage masa yashin, an ƙara masa farar ƙasa da sinadarin ƙashi bisa awo, shi ya sa yake manne wa ƙashi. In awon ya kauce, jiki ba ya karɓarsa. Kwalba kuwa yashi ya yi mata yawa, yanka kawai take yi."

An yanke ƙafar. Maɗorin ya zo jaje yana cewa ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma hannunsa ne ya riƙe taɓarya. Har yau masu karaya suna cika ƙofar gidansa.

Ina roƙon ku maimaita wannan bayani da Hausa da Fulatanci. Allah Ya ba ku lafiya, Ya tsare ku daga mai rabin ilimi. Amin.