Sunan da Na Shiga Soja da Shi

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Baba Fasto ya ba ni minti biyar, amma ku yi haƙuri da tsohon soja in ya ɗan zarce.

Kun san ni da Bitrus. To, gidan soja bai san wani Bitrus ba. A zamaninmu, in mutum ya fito daga ƙauye ya shiga layin ɗaukar soja, sai ya ba da sunan da mai rubutu zai iya kamawa, a liƙa masa sunan garinsu. Ni na ce Audu, da shi na yi aiki har na yi ritaya. Daga baya na tuba na bar giya, aka yi mini baftisma, na ce Audu ya mutu. Da aka zo yin katin ɗan ƙasa sai na sa Bitrus, ina ta washe baki, ban san aiki na jawo wa kaina ba.

Bara ciwon sukari ya buɗe mini tsohon rauni a ƙafar hagu, inda harsashi ya taɓa shiga. Miki ya ƙi warkewa. Likita ya ce a yi aiki da wuri, in ba haka ba sai an yanke daga gwiwa. Na ce ba komai, ai tsofaffin sojoji muna da inshorar lafiya. Na dogara sandata na je ofis, aka duba katina, aka duba na'ura, aka ce Audu suka sani. Takardar sallamata kuwa gara ta gama da ita a cikin akwati. Na yi masifa, na buga tebur, har wando na naɗe na nuna musu tabon. Duk a banza.

Zan faɗi gaskiya a gaban Allah: ranar na aika a sayo mini burukutu, bayan duk shekarun da na yi ban taɓa ba. Saratu matata ce ta tare ƙwaryar a bakin ƙofa ta zubar.

Ita ce kuma ta ja ni wurin wasu lauyoyi da ke zama ranar Laraba suna taimakon tsofaffi kyauta. Na tafi ina gunaguni, don a sanina lauya ko gaisuwa ba ya yi kyauta. Aka haɗa ni da Barista Ladi, sa'ar 'yar autata. Ta bar ni na gama faɗana tsaf, sannan ta ce za ta yi mini takardar rantsuwa a kotu, ta rubuta wa hukuma, amma sai an sami wanda muka yi aiki a bataliya ɗaya ya rantse cewa Audu da Bitrus mutum ɗaya ne. Muka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Duk sun riga mu gidan gaskiya, sai Saje Haruna.

Jama'a, Haruna ne ya goya ni a bayansa ranar da aka harbe ni. Musulmi ne, amma kwano ɗaya muke ci. Abin da na saka masa da shi shi ne na je bikin 'yarsa a buge, na zage shi a gaban surukansa. Daga baya ya koma Madina wurin wannan 'yar tasa, ni kuwa ko bayan na tuba ban taɓa neman gafararsa ba.

Na ce wa Barista gara a yanke ƙafar. Ta ajiye bironta ta dube ni. "Baba, ƙafarka ce," in ji ta. "Amma ka tabbata ciwo ne zai yanke ta, ba kunya ba."

Washegari da safe na zauna a bakin gado, don ƙafar ba ta barina in durƙusa. Na fara roƙon warkarwa, bakina ya yi nauyi. Abin da Ubangiji ya sa a zuciyata shi ne na sauya suna, amma mutumin da Audu ya ci wa mutunci har yau yana nan. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar harsashi. Na ce, ya Yesu, ba ni bakin da zan ce na yi laifi.

Barista ta samo lambar wayar Haruna ta hannun wani alhaji, muka kira daga teburinta. 'Yar ce ta ɗauka, ta yi Larabci, sannan na ji tana ce wa babanta, "Abuya, wani ne daga Najeriya." Da Haruna ya karɓi wayar na faɗi sunana na da, sai ya ce ashe ɗan banzan nan yana da rai. Na fara ba shi haƙuri.

"Khalas, shi ke nan, Audu, na yafe tun kafin in bar gida. Me ya faru?"

Na gaya masa. Ya tambaye ni wace ƙafa ce, na ce ta hagu.

"Wadda na sha wahala a kanta? Wallahi ba za su yanke ta ba."

Tsohon nan, da hawan jininsa, ya tashi daga unguwarsu ta Harra ta Yamma ya hau mota har Jidda, ya yi rantsuwa a ofishin jakadancinmu. Barista Ladi ta bi takardar ofis-ofis, da takalmanta da kuɗin motarta, har aka buɗe mini kati. An yi aikin. Yatsu biyu sun tafi, amma ga ni a gabanku a kan ƙafa biyu. Halleluya!

Tsofaffi 'yan'uwana, kada ku kwanta da ciwo a ɗaki saboda takarda. Ku je wurin lauyoyin nan, Allah yana aiki ta hannunsu. In kuma akwai wanda kuka ɓata wa rai, ku neme shi tun yana iya ɗaukar waya. Ku dogara ga Ubangiji, ba ya yashe nasa. Ku sa Barista Ladi a addu'a, ku sa Haruna ma, don ni ba ni da abin da zan biya shi.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Allah, cikin sunan Yesu. Amin.