Kan da Mama Saratu Ta Ba Ni

Iyayena da 'yan'uwana na zumunta, gaisuwa gare ku cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Lami. Da ɗan karatun yaƙi da jahilci na rubuta wannan, sai ku yi haƙuri da ni.

Yawancinku a tashar Illela kuka san ni, wajen da ake lodin Ƙonni. Shekarar da aka rufe iyaka mijina ya rasu a haɗarin babur, kaina ya taɓu. Mai gidan da muke haya ya karɓe ɗakinsa. Talatu, ƙanwar mijina, ta ɗauke 'yata Rifkatu, kuma daidai ta yi. Ni kuwa rumfar masu canji ta zama makwancina, ina surutu ni kaɗai.

Ikkilisiya ta kai ni asibitin masu taɓin hankali. Na samu sauƙi, aka sallame ni, kuka ba ni ɗakin bayan coci. To, ba laifi nake ɗora wa kowa ba, amma tausayinku ya yi yawa. In na ɗauki tsintsiya a karɓe, a ce, “Lami, ki huta.” Wuƙa a ɓoye, ashana a ɓoye. Tun safe har yamma ina kallon bango, sai muryoyin da nake ji a kaina su dawo, in bar magani, in koma tasha. A kai ni asibiti, in dawo, a sake kai ni.

Duk sanda na roƙi 'yata, Talatu ta ce, “Ba ƙi nake ba, matar Yaya. Amma yaya zan ba da yarinya ga wadda gobe mota za ta zo ɗauka?”

A kwanciyata ta ƙarshe na tarar an buɗe wani ɗaki inda mata ke saƙa da ɗinki. Mai kula da shi wata Basakkwatiya ce, Sista Hadiza. Ta ce, “Ke mi kika iya kahin ciwo?” Na ce kitso. Ta miƙo mini tsinke da mataji, na yi ta yi wa marasa lafiya. Ranar sallama ta ce, “Ki sha maganinki, amma kada ki yarda ki zamna haka nan. Zaman nan shi ka maido ku.”

Na dawo na ajiye kujera 'yar tsugunno a ƙofar ɗaki. Ba wadda ta zo. Wa za ta ba da kanta ga wadda aka sani da hauka, ga tsinke mai tsini a hannunta?

Na ji abin yana son dawowa. Na durƙusa na ce, “Ya Uba, ka gyara hannuwan nan. Kan mace ɗaya nake roƙo in kitsa, ko na tsohuwa ne.”

Ai kuwa na tsohuwar ya aiko! Mama Saratu, shugabar zumunta, ta zo ta zare ɗankwali ta ce, “Ga shi, duk furfura ne, ko kin ɓata ba a yi asara ba.”

Da na taɓa wuyanta na ji ya sandare. Na ce, “Mama, tsoro kike ji?”

Ta ce, “Ina ji mana! Ke dai yi aikinki.”

Na yi mata shuku. Da aka tashi zumunta ta tsaya a bakin coci ta buɗe kai tana juyi, tana cewa, “Ku duba, kunnuwana biyu suna nan!” Mata suka yi ta dariya, daga nan suka fara zuwa. Yau har matan masu canjin da na kwana a rumfarsu ni ke musu kitso. Asibiti kuwa, karɓar magani kaɗai ke kai ni, in dawo da ƙafata.

Ana saura kwanaki Kirsimeti sai ga Talatu da Rifkatu, wai a yi mata kitson biki. Yarinyar ta zauna tsakanin ƙafafuna tana ɗari-ɗari da ni. Kafin in kai ƙeya ta yi barci a cinyata. Talatu ta ajiye ƙullin kaya ta ce, “Kitson yara ba ya daɗewa, ni kuma ba zan iya zaryar nan ba. Ta zauna wurinki.”

Haleluya! Na gode wa Yesu, na gode muku. Ku dogara gare shi. In kuma ya ta da wani daga irin ciwona, don Allah ku bar masa tsintsiyar.

Amin.