Kwandon Farko da Ban Kai wa Baba Ba

Mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Garba daga Daudawa, kuma kunya ta sa na rubuto.

Bana Baba Sale, ƙanin mahaifina, ya ara mani gefen fadamarshi na yi lambu. A wurinmu, mai fadama ake kai wa kwandon farko. To, yanzu da kuɗi suka yawaita, 'yan sari har bakin lambu suke zuwa da mota. Ɗoki ya kwashe ni, na loda masu tumatirin duka.

Ran kasuwar Yankara na iske Baba riƙe da tumatir. Ya ce, "Na lambunka ne, Garba. Saye na yi in ɗanɗana. Ya yi kyau."

Tun ranar na kasa bi ta ƙofar gidanshi. Jama'a, albasa ta kusa isa cira. In kai mashi, ko ƙarin raini ne?