Injin da Ba Ya Yin Zafi

A ɗakin jira na wani gareji a Bremen, wani dattijo da wata direbar tasi suna jiran motocinsu.

"Injin fetur ne mai turbo, silinda uku," in ji dattijon. "Shekara biyu kacal, wai har fetur ya gauraye da baƙin mai."

"Nawa irinsa ne, Baba, kuma lafiyarsa lau. Ina kake zuwa da motar?"

"Maƙabarta, kullum da safe. Kilomita biyu ne. Ina ba furannin matata Hannelore ruwa."

"Ai shi ne. Kafin injin ya yi zafi ka kashe shi. Ko sau ɗaya a mako ka hau babban titi, ka taka shi sosai."

Dattijon ya dube ta.

"In hau babban titi in je wurin wa?"